Lafiya Lau, Kyaftin

Holger Iversen bai taɓa zama mai yawan magana ba, kuma a Hanstholm ba a ɗaukar wannan aibi. Garin masunta ne a bakin teku, inda iska ke cika wa mutum baki kafin ya buɗe shi. Masunci ya dawo da jirgi maƙil da kifi, a tambaye shi yaya teku, sai ya ce, "Ba laifi." Ya dawo da hannu a karye, shi ma "ba laifi" ne. Aikin mai sauraro ne ya bambance, kuma tunda kowa ɗan gida ne, ba a cika yin kuskure ba.

A jirgin mahaifinsa ya tashi. A wancan zamani duk wanda ke cikin jirgi ɗan'uwa ne ko maƙwabci, kawu a wajen injin, 'ya'yan gwaggo a wajen taru. Mahaifin bai taɓa tambayar kowa abin da yake gani ba. In mutum yana da magana zai faɗe ta ko da zagi ce, in ba shi da ita ya kama aikinsa. Holger ya gaji jirgin, ya gaji halin. Ya auri Bodil, wadda ke aiki a rumfar gwanjon kifi ta bakin tasha, mace mai baki. Mutane kan ce ita ke yin maganar gidan duka, tata da ta mijinta.

Sai zamani ya juya. Samarin garin suka daina sha'awar ƙarnin kifi, suka koma aikin manyan fankokin lantarki da aka kakkafa a tsakiyar teku. Ɗan Holger ma can ya tafi. Daga cikin tsofaffin abokan aiki babu wanda ya rage sai Karsten mai kula da injin, wanda suka yi makaranta tare. Kamar sauran masu jirage, Holger ya ɗauki ma'aikata daga ƙasar Filifin: Efren, dattijo mai furfura da ya shekara da shekaru a teku, da Rodel ɗan ƙanwarsa, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke haɗa aikin taru da girki.

Da Turanci ake magana da su, kuma Turancin Holger na rediyon jirgi ne: lambobi, sunayen iska, ja, saki, tsaya. In zai yi tambaya, daga saman matakalar ɗakin tuƙi yake leƙowa.

"Taru lafiya, ko?"

"Lafiya lau, Kyaftin."

"Ba ku gaji ba, ko?"

"Ba mu gaji ba, Kyaftin."

Ya sha yabonsu a gida. Ya ce bai taɓa aiki da mutane masu sauƙin kai irinsu ba, babu musu, babu ƙorafi. Bodil takan dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da saƙarta.

Abin ya faru ne a ƙarshen kaka, bayan wani lokaci da teku ta yi rowa. Sun yi nisa ƙwarai, can wajen ruwan da ke tsakanin ƙasarsu da Norway, kuma a karon farko cikin watanni kifi ya yarda. Duk jan taru sai ya fito a cike. Har Karsten an ji shi yana fito a ɗakin injin.

Da safe, wajen feɗe kifi, Holger ya hango Efren ta taga. Mutumin da wuƙa ke rawa a hannunsa, yau yana aiki kamar mai jin barci. Ya sunkuya zai ɗauki kwando, sai ya tsaya a tsakiyar sunkuyon, ya dafa gefen cikinsa, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, fuskarsa ta yi fari fat kamar cikin kifin da ke gabansa.

Holger ya buɗe taga. "Efren! Lafiya, ko?"

"Lafiya lau, Kyaftin." Har da murmushi.

Ba a jima ba Karsten ya hawo da kofin gahawa a hannu, ya jingina da ƙofa.

"Tsohon nan naka, in ya faɗa cikin kwandon sai mu sayar da shi tare da kifin, ba mai ganewa. Launinsu ɗaya."

"Ya ce lafiyarsa lau."

"Ubana ma haka ya ce ranar da aka yi masa wanka."

Holger bai yi dariya ba. Ya sa aka kwantar da Efren a gadonsa, ya kira likitan da ke amsa wa jirage ta rediyo daga tudu. Likitar mace ce, muryarta a natse. Ta tambayi inda ciwon yake, da lokacin da ya fara, da ko ya yi amai. Holger ya sauka, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kwana.

"Ba ciwo sosai, ko?"

"Babu, Kyaftin. Iska ce kawai a ciki."

"Ba ka yi amai ba, ko?"

"Ban yi ba, Kyaftin."

Rodel na tsaye a gefe, kansa a ƙasa, yana murza tsumma a hannu.

Da Holger ya mayar da amsar, likitar ta ce daga inda take ba ta ganin mara lafiya, da bakinsa kawai za ta yi aiki. In iska ce, a ba shi ruwa ya huta. In kuwa wani abu ne daban, tana so ta sani da wuri, domin an yi hasashen guguwa kafin faɗuwar rana, kuma in ta taso, ɗaukar mutum daga jirgi da jirgin sama mai saukar ungulu zai zama kasada. Jirginsu kuwa ko yanzu ya juya, ba zai ga tudu ba sai gobe.

Holger ya ajiye abin maganar. Ya san tsoron teku, da shi aka yaye shi. Ya san yadda gaba ke faɗuwa in igiyar ruwa ta miƙe ta fi jirgi tsawo. Amma wancan tsoro ne da ake gani da ido, a juya masa sitiyari. Wannan kuwa yana ƙarƙashin ƙafafunsa, a kan gado, yana masa murmushi. Ya duba sama ta yamma. Ta fara yin duhu kamar gindin tukunya.

Sai ya yi abin da bai saba ba. Ya kira gida, Bodil ta ɗauka.

"Holger? Da rana tsaka? Jirgin ne ya nitse, ko kewata kake yi?"

"Efren ne."

Muryarta ta sauya. Ya gaya mata abin da ya gani, a taƙaice.

"Me ka tambaye shi?"

"Na ce ba ciwo, ko? Ya ce babu."

"Wayyo ni Bodil. To ai kai ka ba shi amsar, tsoho! Ka ɗebo ta a cokali ka kai masa baki, shi kuma ya haɗiye. Me kake so ya ce?"

"In yana ciwo ya ce yana ciwo. Karsten da tuni ya cika jirgin da ihu."

"Karsten ya san in ya yi ihu gobe ma jirgin nan zai hau. Saurara. Marisel da muke aiki tare, 'yar ƙasar su Efren ce, ta taɓa gaya min a wurinsu ba a kallon idon babba a ce masa a'a. Rashin kunya ne. Balle a ce saboda kai aka juyo da jirgi ana tsakiyar kama kifi. Shekara nawa kana yabonsu ba su taɓa ce maka a'a ba? Ni kuwa duk lokacin da ka faɗa sai gabana ya faɗi."

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Ka taɓa tambayata?"

Jirgin ya karkata, kofin Karsten ya gangara ya bugi bango.

Bodil ta daɗe tana zuwa ajin Turanci na yamma saboda baƙin da ke zuwa sayen kifi. Ta ce, "Malamarmu ta ce in kana son jin ra'ayin mutum, kada ka yi masa tambayar da i ko a'a za ta rufe. Ka fara da me. Me kake gani? Maimaita in ji." Ta faɗa masa da Turanci, ya maimaita, ta gyara masa, ya sake. "To. Daga nan sai ka kama bakinka. Wannan kam ba sai na koya maka ba. Kuma ba Efren za ka tambaya ba, Rodel za ka tambaya. Ka sauka ka zauna. Kada ka tsaya masa a ka kamar ɗan sanda."

Ya bar wa Karsten sitiyari. A kan matakala ya yi ta juya kalmomin a bakinsa, yana tsoron kada su zube kafin ya kai ƙasa.

Rodel na kicin yana dama kunun shinkafa da citta, irin wanda suke ba mara lafiya. Da ya ga Kyaftin ya shigo ya ja benci ya zauna, sai ya saki ludayi ya ƙame.

"Zauna," in ji Holger.

Ya zauna a bakin benci, rabin jikinsa a waje.

"Rodel. Maganar Efren. Me kake gani?"

Rodel ya yi murmushi irin nasu. "Kyaftin ne ya sani."

Saura kaɗan Holger ya miƙe. Ga amsa ya samu, kuma irin wadda ya saba samu ce. Amma ta ƙaramar tagar kicin ya ga ruwa ya fara fari a kan igiyoyinsa, ya kuma ji wani siririn nishi daga ɗakin kwana, wanda aka yi sauri aka danne. Ya dafa tebur da hannu biyu.

"Ban sani ba," ya ce. Bai taɓa furta wannan a cikin jirgi ba, ko da harshensa na gida. "Ni ban sani ba. Me kake gani?"

Daga nan ya kama bakinsa.

Shirun ya yi tsawo. Tukunya na tafasa, cokula na kai da komo a cikin aljihun tebur. Mutumin Hanstholm zai iya zama da kai yini guda bai ce uffan ba kuma bai ji komai ba, amma wannan shirun Holger ya ji shi har cikin haƙora. Duk numfashi sai ya tuna sama tana ƙara duhu. Sau biyu wata tambayar ta zo masa baki, irin tasa ta kullum, ya haɗiye ta.

Rodel ya kalli ƙofar ɗakin kwana, ya sassauta murya.

"Kyaftin, a ƙauyenmu akwai wani maƙwabcinmu. Mai gyaran kwalekwale ne."

Holger bai ga abin da ya kawo mai gyaran kwalekwale ba, amma bai motsa ba.

"Wata rana cikinsa ya kama ciwo, nan wajen cibiya. Bai gaya wa kowa ba, don yana da aiki a hannu. Washegari ciwon ya sauko nan." Ya nuna ƙasan cikinsa ta dama. "Ya yi ta amai a ɓoye, inda ba a ganinsa. Ba ya iya miƙe ƙafar dama. Sai wata safiya ya ce ciwon ya lafa, ya ji sauƙi. Kowa ya yi murna. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi, cikin ya yi tauri kamar katako."

"Sai me?"

"Asibiti na da nisa, Kyaftin. A cikin kwalekwale ya cika."

Holger ya dube shi. Rodel bai ɗago ba, amma hawaye na ɗiga a kan tsumman da ke hannunsa.

"Shi maƙwabcin nan," in ji Holger a hankali, yana neman kalmomi ɗaya bayan ɗaya, "yaushe ciwon ya lafa masa?"

"Yau da safe, Kyaftin." Sai ya rufe bakinsa da hannu. "Kawu zai kashe ni. Ya sa na rantse. A jirgin da ya yi aiki da, wani ya yi rashin lafiya aka juyo saboda shi, ba a sake kiransa ba. Kawu yana da 'ya a makarantar koyon jinya, saura kaɗan ta gama. Ya ce ko mutuwa ce, ya mutu bayan an cika jirgi."

Holger bai san lokacin da ya hau matakalar ba.

Ya zayyana wa likitar komai, cibiya, dama, amai, lafawar ciwo, zazzaɓi. Ta ce ga alama ɗan ƙaramin hanjin nan ne da ake kira afendis, kuma mai yiwuwa ya riga ya fashe. Kada a ba shi ko ruwa. Jirgin sama zai taso yanzu. Su share bayan jirgi, su fuskanci iska, kada a bar komai yana jan su.

Tarun yana ƙasa, cike. Janyo shi da mutum biyu kacal aiki ne mai cin lokaci, kuma lokacin babu shi.

"Ɗaura masa alamar da za mu gane wurin, ka yanke," Holger ya ce wa Karsten.

"Tarun nan sabo ne fa, Holger. Ko sunan mai shagon bai goge ba."

"Yanke."

Karsten ya dube shi, ya ga fuskarsa, ya je ya ɗauko injin yanka ƙarfe. Da wayoyin ƙarfen da ke jan tarun suka tsinke, jirgin ya yi tsalle gaba kamar dokin da aka kwance.

Jiran ya fi komai wuya. Iska ta ƙaru, ruwa ya fara tsallako bayan jirgi. Holger na riƙe da sitiyari, idonsa a sama, kunnensa a ƙasa. Yana ta lissafin abin da ba shi da amfani: da jiya ya duba, da shekaranjiya ya sauka kicin. Ya tuna bai ma san sunan matar Efren ba. In abin ya faru, wa zai kira, ya ce mata me, da wane Turancin?

Sai ga ƙarar jirgin saman daga gabas, ƙasa-ƙasa cikin gajimare. Aka zuro mutum da igiya. Iska ta yi ta lilo da shi, ta kai shi dama ta dawo da shi hagu, sau ɗaya har ya wuce dab da dogon ƙarfen jirgin. Da ƙyar Karsten da Rodel suka cafke shi.

Da aka fito da Efren a ɗaure kan gadon ɗaukar majinyata, jikinsa zafi kamar garwashi, leɓɓansa a bushe. Ya ga wayoyin da aka yanke suna reto. Ya yi yunƙurin tashi.

"Kyaftin, tarun! Don Allah, Kyaftin, ba komai ba ne, zan iya aiki..."

Ya juya ya ga Rodel, ya faɗa masa wata magana da harshensu, mai zafi. Rodel ya sunkuyar da kai, ya cusa masa ɗan carbinsa a cikin riga. Holger ya leƙo ta taga, yana so ya ce wani abu, ƙarar ta haɗiye komai. Aka ja gadon sama. Ya yi ta juyawa a iska, ƙarami, ƙarami, har aka jawo shi ciki. Jirgin saman ya karkata ya ɓace.

Guguwar ta same su a hanya. Holger bai bar sitiyari ba, kuma bai damu da ita ba kamar yadda ya kamata. Duk lokacin da rediyo ya yi ƙara sai ya kai masa hannu, ya zama wani jirgin ne ke neman wani. Rodel ya hawo da gahawa, ya tsaya bai tafi ba. Holger ya nuna masa kujerar da ke gefe. Ya zauna.

Da hantsi suka shigo tasha. Bodil na tsaye a bakin gaɓa cikin rigar aikinta, ba ta jira an ɗaure jirgi ba.

"An yi masa aiki. Hanjin ya fashe, kamar yadda likitar ta ce. Yana numfashi, amma sun ce ba za su yi alkawari ba tukuna."

Kwanaki aka yi ana wannan ba-za-su-yi-alkawari-ba. Holger bai koma teku ba, ko neman tarun bai fita ba. Yakan je tasha da safe, ya zagaya jirgin, ya dawo ya zauna kusa da waya. Masu jirage suka yi ta tsokanarsa cewa ya yi wa kifin Norway kyautar taru. Bodil ta ce a tsawon zamansu ba ta taɓa ganin ya bar abinci a faranti ba sai a makon nan.

Ranar da aka ce zazzaɓin ya sauka, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki Rodel a mota suka tafi asibitin birni. Efren ya rame, robobi a hanci da hannu. Yana ganin Kyaftin ya fara ba da haƙuri, kifin, tarun, wahalar da ya jawo.

Holger ya ja kujera ya zauna. Ya shirya maganar tun a mota.

"Gadonka na nan a jirgi. Ba wanda zai kwana a kai. In bazara ce, bazara. In baɗi ce, baɗi."

Efren ya daɗe yana kallonsa. Sai ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa na motsi. Can ya miƙa hannu ta baya ba tare da ya juyo ba, Rodel ya kama.

Wayar Rodel ta yi ƙara. Daga gida ne, irin kiran da ake ganin juna. Ɗayan hannun Efren ba ya ɗaguwa, na Rodel kuma a riƙe, sai Holger ya karɓi wayar ya riƙe ta a gaban fuskar majinyacin. Matar Efren ce a ciki, sunanta Luzviminda, tana kuka tana dariya tana faɗa duk a lokaci guda. 'Ya'ya da jikoki da maƙwabta suka yi ta turereniya a bayanta, kowa na magana, har da zakara yana cara a wani wuri. Holger bai gane ko kalma ɗaya ba. Maganar ta yi tsawo, irin ta mutanen da aka daɗe ana tsorata su. Hannunsa ya fara sagewa, sai ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan, ya gyara wayar yadda za su fi ganinsa.